Walkin Gidan Alƙasim

A zamanin Sarki Abdulhamid na Dutsin Gawo, garin nan da ke cikin duwatsun Adar tsakanin Allakaye da Garhanga, a kakar shekarar da kori, rafin nan namu mai ƙafewa da rani, ya cika har ya raba gari da kasuwa, Allah ya yi wa Sarkin Kokawa Alƙasim rasuwa. An gama yankan gero, ana cikin ɗaurin dammuna, dawa kuwa ba ta ƙarasa bushewa ba. Ni mai ba ku labarin nan ina cikin masu zama a zauren fada. Abin da na gani da idona zan faɗa, wanda ban gani ba in ce haka aka ce.

Sarautar kokawa a garinmu tsohuwa ce, ta girmi makarantar lakwal da ofishin meri da hanyar mota. Tun mutane suna zaune bisa tsauni don tsoron mahara, Sarkin Kokawa ne ke zaɓen samarin da za su tsare mashigin dutse, da yake shi ya san ƙugun kowa. Yau an sauko daga tsauni, amma har yanzu shi ke buɗe fili bayan kaka, shi ke raba gardama in an yi kaye mai ruɗani, shi ke fitar da waɗanda za su tafi Tawa gasar neman takobin kokawa. Idan mutum biyu suka nemi rawanin, al'ada ita ce su kama a gaban Sarki, wanda ya yi kaye a naɗa shi. Wanda aka naɗa kuma ya yi ban kwana da kokawa ke nan har ƙarshen ransa, don alƙali ba ya shiga fili.

Rawanin ya daɗe a gidan Alƙasim, kuma kowa a ƙasar ya san dalilin da ake faɗa. Gidan yana da walki, tsohuwar fatar baƙin bunsuru da aka jeme tun zamanin tsauni, ta sha faci har faci ya fi asali yawa. A cikin rumbu ake rataye shi, babbar macen gida ke shafa masa man shanu kowace kaka, kuma ba a yarda ya taɓa ƙasa. An ce tun da aka jeme shi ba a taɓa kayar da wanda ya ɗaura shi ba. Marigayi ya ɗaura, ubansa ya ɗaura. Da Alƙasim ya bar fili, ɗansa Kalla ya tasa, sai ya ɗaura masa.

Kalla ba mutum ne da za a raina ba ko ba walki. Tun yana yaro yake jidar duwatsu a gonarsu ta gangare, yana jera su don tare ruwa, da rani kuma ya sauka fadama yana gina rijiyoyin albasa. Wuyansa da kansa kusan kaurinsu ɗaya. Ba shi da yawan magana, kirarinsa ma gajere ne har makaɗa suna ƙorafi. Ya zagaya Buza da Keita da Madawa bai ga wanda ya kai gwiwarsa ƙasa ba. Amma duk garin da ya yi kaye, abin da yake ji a bayansa guda ne: walki ya yi aiki.

Abin bai dame shi sosai ba sai ranar wata kokawa a Urno. An fito masa da wani ƙato da ake ji da shi a can. Suka sunkuya, suka fara laluben hannu, Kalla ya lura idon mutumin ba ya kansa, yana kan ƙugunsa. Da ya dafa masa kafaɗa, dafawa kawai irin ta gaisuwa, sai ƙaton ya zube bisa gwiwa. Fili ya ɗauki ihu, aka yi ta liƙa wa Kalla kyauta, shi kuwa kunya ce ta rufe shi. Ya faɗa mini da bakinsa cewa ran nan ji ya yi kamar an yaba masa noman gonar da bai taɓa shiga ba. Daga nan tambaya ɗaya ta zauna masa a rai, ta hana shi jin daɗin ko wane kaye: shi ke kayarwa, ko fatar?

Bayan sadakar arba'in Sarki ya tara fada a kan maganar rawani. Kowa ya ɗauka naɗin Kalla za a sa wa rana, sai Galadima Muntari ya gyara zama ya gabatar da wani mai nema. Sambo ne, Bafillace mai noma da kiwo a rugar da ke gabas da gari, dogo mai jijiya, wanda ke saɓa maraƙi a kafaɗa ya haye kori da shi. Ya yi suna a filayen Keita, amma bai taɓa yarda an haɗa shi da Kalla ba. Shanun Galadima a hannun Sambo suke, wannan kuwa ba wanda bai sani ba a zauren, sai dai ba wanda ya faɗa.

Galadima ya ce, "Ranka shi daɗe, ba mu ƙi Kalla ba, ɗanmu na. Amma rawani bisa kan mutum aka aza shi, ba bisa hwata ba. Kowa ya san walki ka kaye gidan ga. In Kalla na son sarautar ubanai, shi tuɓe shi kama da Sambo, mu ga abin da ag ga ƙashinai."

Galadima ya yi zaton Kalla zai ƙi, a yi ta jan magana har rawani ya sulale. Kalla ya matso gaba, ya durƙusa.

Ya ce, "Allah shi ja zamanin Sarki. Galadima ya ce in tuɓe, na yarda. Amma in na aje shi rumbu na yi kaye, cewa za a yi daga rumbu yay yi aiki. A ɗaura ma Sambo shi. In walki ka kaye, ga shi ga ƙugunai, shi kada ni, shi ɗauki rawani da walkin duka. In ko ni ka kaye, kowa shi gani."

Na ga dattawan da suka riƙe baki. Galadima kansa bai nemi haka ba. Wanda ya fi kowa firgita shi ne Sambo.

Ya ce, "Zaki, ni rawani niz zo biɗa, ban zo biɗar kayan gidan mutane ba. Ban taɓa jin tsoron namiji ba, amma abin ga ina tsoro nai."

Sarki Abdulhamid mutum ne mai jinkirin magana. Ya dube su su biyun, sa'an nan ya ce, "Sambo, kai kaz zo da ƙahwarka. In kana tsoron abin da Kalla ya daɗe yana ɗauka ga jikinai, ƙaƙa za ka riƙe hili duka? Ko ka ɗaura, ko ka janye." Sambo ya sunkuyar da kai, ya ce zai ɗaura. Aka sa ranar kasuwa mai zuwa, bayan la'asar, a cikin rairayin kori.

Kafin ranar, Kalla ya sami Liman, Malam Mukhtar, a gindin itacen bedi bayan azahar. Ina wurin, don ni ma inuwar nake sha. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, mi ka kada mutum?"

Liman ya ce, "Allah ka kadawa."

Kalla ya ce, "Wanga na sani, Malam, ba can nika tambaya ba. Allah ka ba da hatsi, amma ban taɓa ganin wanda bai yi noma ba yana ɗaurin damma. Cikin abin da Allah ya aza, wane na nawa?"

Liman ya yi murmushi, ya ajiye tasbaha. Ya ce, "Hwata dai hwata ta, ba ta ɗaga ko tsinke. Na sha hwaɗa ma ubanka haka, Allah shi jiƙan shi, shina dariya. Amma ga abin da nika gani. Ƙwayar gero na da ikon tsira ko tana cikin rumbu, sai dai ba mai ganin ikon sai ta gamu da ruwa. Ƙarhin ɗan kokawa ma ba shi bayyana sai ya gamu da ƙarhin da yat tsaya mai. Kai ko ba wanda yat taɓa tsaya maka da zuciya guda. Da rabin zuciya suka zo maka, rabin na ga walki. To ban san abin da ag gare ka ba, kuma ina zaton kai ma ba ka sani ba."

Kalla ya ce abin da ya kawo shi ke nan, ya yi godiya ya tashi.

A gida abin bai zo da sauƙi ba. Goggonsa Balki, ƙanwar marigayi, ita ke kula da walki, kuma mace ce da ko Alƙasim yana raye ba ya ja da ita. An ce ta zauna a gindin rumbu ta ce sai dai a taka ta.

Ta ce, "Kai da hannunka za ka miƙa ma bare abin da kakanninka sunka bar maka? In ka hwaɗi ba kai ɗai ka hwaɗi ba, da Alƙasim da ubanai duk ka kada su."

Kalla ya ce, "Goggo, in walki ka yi, to su ma ba su taɓa kada kowa ba. Ni ban yarda da haka bisa Baba ba. Ki bar ni in gani."

Maganar ta yi mata zafi, ta yi kuka, ta kira shi mai taurin kai irin na ubansa. Daga baya ta matsa, ta ce ya hau ya ɗauko da kansa. Ta karɓa ta shafa masa mai kamar yadda ta saba, kuma matan gidan sun ce sun ji tana ce wa fatar a hankali, "Ka dai san gida." Kafin magariba maganar nan ta zagaye gari.

Ranar kasuwa kori ya cika da mutane har bisa gaɓa. An zo daga Buza da Allakaye da Garhanga, wasu kan moto, wasu cikin amalanke, samari kowa ya ɗaga salula zai ɗauki hoto. Aka shimfiɗa wa Sarki darduma a gindin gawo, Galadima a damansa, Liman a hagu. Da yake babu Sarkin Kokawa, Sarki da kansa ne alƙali, kuma ya ce ba a sa lokaci ba, sai an yi kaye.

Balki ce ta ɗaura wa Sambo walki, ba ta dubi fuskarsa ba. Kalla ya fito da gajeren wando na yadi, ba laya, ba kambu, ba guru. Wallahi da na gan shi haka sai na ji tausayinsa, ya yi mini kama da mutumin da aka kora daga gidansu. Makaɗa ma suka rikice, don rabin kirarin Kalla na walki ne, ga walki kuma a jikin wani.

Da farko Sambo a sandare yake, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Suka yi laluben hannu, suka rabu, suka sake. Da ya ga ba abin da ya same shi sai jikinsa ya saki, idonsa ya buɗe, ya dubi Kalla ido cikin ido. Ya shigo da ƙarfinsa duka, ya cusa kai a ƙirjin Kalla, ya tura shi baya har gefen fili. Mu da muka saba ganin ana zubewa a gaban Kalla muka ga ƙafafunsa suna jan layi a rairayi. Kalla ya tokare, ya mayar da Sambo tsakiya. Suka sarƙe, ba ka jin kome sai numfashinsu da kalangu. Rana ta sunkuya, gumi ya sa hannu ba ya kama jiki, kowa ya ɗebi rairayi ya shafa, suka koma.

Can sai Sambo ya sami ƙugu. Ya sungumi Kalla, ƙafafunsa biyu suka bar ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba a Adar. Mata suka rufe ido. Galadima ya miƙe tsaye a gaban Sarki, ya manta da ladabi. Kalla yana sama ya saƙala ƙafarsa ta hagu a bayan gwiwar Sambo ya maƙale, Sambo ya juya zai maka shi bai sami hanya ba, ya sake juyawa, dole ya dire shi. Ƙafar Kalla na taɓa ƙasa ya murɗe, ya fizgi wuyan Sambo gaba, ya taɗe shi. Sambo ya tafi rub da ciki, gwiwa da tafin hannu da goshi duk a rairayi.

Kalla ya miƙe yana haki, fuskarsa cike da murnar da ban taɓa gani gare shi ba. Jama'a suka ɓarke cikin fili, ya buɗe hannu yana jiran su. Suka wuce shi. Kan Sambo suka yi, wanda ke kife, walki a bayansa yana sama. Wani tsoho ya ce a duba, ko ƙwayar rairayi ba ta taɓa shi ba. Nan take magana ta tashi, ta bi gaɓa kamar wutar kara: walki ya san ɗan gidansu, shi ya kife Sambo, kuma ya kife shi ta gaba don kada shi ya taɓa ƙasa. Aka kwance shi, aka ɗaga sama, makaɗa suka bi shi da kiɗa har ƙofar gidan Alƙasim, Balki a gaba tana guɗa. Kalla ya tsaya a tsakiyar kori da mutanen da ba su kai goma ba.

Da dare samari suka yi ta maimaita hoton a salula. Ni ma na kalla har idona ya gaji. Wanda ya ce taɗiya ce ya nuna ƙafar Kalla, wanda ya ce walki ne ya nuna yadda ƙugun Sambo ya karkace kafin ƙafar ta iso. Hoto ɗaya ne, kowa kuma ya ga abin da ya zo da shi.

Washegari da hantsi za a yi naɗi. Da sassafe Kalla ya tafi ruga, ya tarar da Sambo yana tatsa. Sambo ne ya ba ni labarin nan daga baya. Kalla ya tsuguna ya ce, "Sambo, kai ɗai ka iya gaya min. Tsakaninka da Allah, mi yak kada ka?"

Sambo ya ce, "Ƙahwarka ta hagu ta. Ga wurin nan, har yanzu shina zogi. Ban taɓa kama namiji irinka ba." Kalla ya yi ajiyar zuciya zai tashi, sai Sambo ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Tsaya, tunda da Allah kah haɗa ni. Sa'ad da nis sungume ka, sai nit tuna abin da ag ga ƙuguna, nic ce anya za shi bari in maka ɗan gidansu ga ƙasa? Ƙibtawar ido ɗai ta. Ban sani ba ko cikinta kas samu gwiwata, ko da ma za ka samu. Wallahi ban sani ba."

Kalla ya miƙe. Sa'an nan ya ce ya gode, ya kama hanyar gari.

Fada ta cika, an kawo rawani a kan faifai. Sarki ya kira Kalla, ya matso ya durƙusa, amma bai miƙa kai ba.

Ya ce, "Allah shi ja zamanin Sarki, ina roƙon ahuwa. In anka naɗa min rawanin ga na bar hili ke nan, kuma in mutu ban san ko na taɓa kada mutum ba. Ba ni iya zama ina raba ma yara gardamar kaye alhali ban san nawa ba. A bar ni in yi kokawa, ba walki ga kowa."

Sarki ya ce, "Kalla, ka yi kaye gaban idona, ni na gani. Rawani ba shi jiran mutum. In ya hita gidanku yau, ban ce maka shina komowa ba."

Kalla ya ce, "Na sani, ranka shi daɗe."

Sarki ya sake tambayarsa, Kalla ya sake ba da amsa ɗaya. Aka naɗa Sambo, don shi kaɗai ya rage cikin masu nema. Ya karɓa yana hawaye, Galadima kuwa ya sami abin da yake so ta hanyar da bai shirya ba. Balki ta mayar da walki rumbu, ta shekara ba ta amsa gaisuwar Kalla.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Kalla ya ci gaba da kokawa da gajeren wandonsa, yana neman garuruwa masu nisa inda samari ba su san labarin gidansu ba. In ya yi kaye a ce sauran walki ne a jikinsa. Yana ji, sai ya tambayi inda za a buɗe fili na gaba. Bayan wasu shekaru, a korinmu, aka haɗa shi da wani matashi manomin albasa daga wajen Madawa, ana ce masa Imrana, wanda bai san walki ba bai san Alƙasim ba. Yaron ya shigo masa ba shakka ko kaɗan, suka daɗe, ya ɗaga shi ya shimfiɗa bayansa a rairayi. Sarkin Kokawa Sambo ne ya ɗaga hannun Imrana, kansa a sunkuye. Mutanen gari suka ce to ga shi nan, da ma walki ne.

Na daɗe ina juya al'amarin nan. Na ga sarakuna da masu ƙarfi, kuma na lura mutane ba su cika son a ce ƙarfi na mutum ne ba. Sun fi so ya zama na fata, ko na gida, ko na rabo, wani abu dai da za a rataye a rumbu a gada. Mai ƙarfin kansa ma ba a ba shi ikon ya tsaga kayensa ya ware nasa da na tsoron abokin karawarsa da na santsin rairayi ba. Allah kaɗai ya san rabon kowane. Kalla ya sayar da sarautar gidansu don ya sani, kuma har yau dattawa suna cewa wauta ya yi. Ni dai ban iya cewa haka ba.

Yanzu ya manyanta, yana gonarsa ta gangare yana jera duwatsu. Kwanan baya na bi ta can, na tsaya muka gaisa, na ce masa, "Kalla, ka dai samu amsar?"

Ya ajiye dutsen da ke hannunsa, ya share gumi. Ya ce, "Kayen da niy yi, har yau ban san nawa ba cikinsu. Amma hwaɗuwar can da Imrana yay yi min, da ƙarhina duka nit tsaya mai, shi ma da nashi duka yaz zo. Wagga tawa ta, ba mai cewa ta wani ta."

Ya sunkuya ya ɗauki dutsensa, ni kuma na wuce.